Yadda na raba akori-kurar Baba da zazzaɓi

Wata Lahadi ce cikin watan Afrilu muka kama hanyar kasuwar Pitowa, ni da Kawu a gaba, yarona na shago a baya yana zaune a kan ƙofofin ƙarfe huɗu da zan kai wa mai su. Ko rabin hanya ba mu ci ba na fara jin ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a kan murhu. Kafin in gama tunanin daga ina yake fitowa, tururi ya turnuƙo ta ƙarƙashin bonet. Na gangara gefen titi na murɗa makulli, amma injin bai mutu nan take ba, sai da ya yi ta kakari yana jijjiga motar kamar akuyar da ba a iya yankawa ba.

Kawu ya ce, "Buɗe ka ba ta ruwa mana, ƙishi take ji."

Na san ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Wa bai sani ba? Amma rana na dukanmu, mutane na wucewa a kan babur suna waiwaye, Kawu kuma ya riga ya sauko da jarka. Na naɗe hannu da tsumma na murɗa. Tabon yana nan a hannuna na dama har yau, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, kuma duk wanda ya tambaye ni sai in ce masa walda ce.

Ni ba makanike ba ne. Walda ce sana'ata, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe nake yi a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Motar kuwa Peugeot 404 ce akori-kura, gadon marigayi Baba, wadda ya yi shekara da shekaru yana jigilar albasa da ita daga wajen Marwa. Bayan rasuwarsa ta yi shekara 11 a ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, kaji na yin ƙwai a kujerar direba. Da na tashi tayar da ita sai na tarar injinta na asali ya tsage, ba ya gyaruwa. Maimakon in nemi irinsa, sai zuciya ta ɗebe ni na sayi injin Toyota 22R da giyarsa daga wata Hilux da ta yi hatsari. Injin 404 cc 1618 ne, wannan kuwa cc 2366, wato ya ɗara shi da kusan rabi. Na yanka, na ƙera ƙafafun zama, na rage tsawon farfela. Injin Peugeot a kishingiɗe yake zama, na Toyota kuwa a tsaye, don haka bonet ya ƙi rufuwa, sai da na fasa tsakiyarsa na yi masa tozo kamar bijimi. Yaran unguwa suka sa mata Mai Tozo, sunan ya bi ta.

Ɗan yayata ne ya nuna mini a wayarsa cewa abin da na yi a Amurka har suna gare shi, hotrod suke ce masa: a ɗauki tsohuwar gangar mota a cusa mata ƙaton inji. Ya ce su ma zafi ne babban ciwonsu. Injin Ford mai silinda takwas da ya fito a 1932, wanda da shi wannan wasa ya yi suna, hayaƙinsa ta cikin jikin injin yake ratsawa kafin ya fita, shi ya sa ko da famfon ruwa biyu da aka yi masa bai hana shi tafasa ba. Na ɗan ji sanyi a raina, tunda dai ba ni kaɗai ba ne.

Bayan abin da ya faru a hanyar Pitowa, shawara ta yi ta zuwa ba tare da na nema ba. Duk wanda ya tsaya a ƙofar shago yana da magani. Wanda ya fi yawa a bakin mutane shi ne a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke kan hanyar ruwa daga inji zuwa lagireto, wanda makanikanmu na nan suke kira kalosta. Suka ce wannan abin na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, a Garwa da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu me za a yi da shi? Maganar ta shiga kunnena. Na cire na jefa cikin gwangwanin kusoshi. Da safe allura ta daina tashi da wuri, na yi ta murna kwana biyu. A rana ta uku da azahar, a layin masu jiran hawa gadar Binuwai, ta sake tafasa. An gudu ba a tsira ba.

Wata biyu na yi ina yawo da jarka biyu a bayan mota. Duk inda na tsaya sai in kwara wa lagireto ruwa a fuska, in jira, in ƙara mata a ciki. Ruwan rijiya, ruwan famfo, har na kogi na taɓa zuba mata da yashinsa. Mai ɗakina ta ce, "Malam, wannan mota ce ko shukar rani?"

Wanda ya dawo da ni hanya wani dattijo ne mai gyaran lagireto, wanda tun zamanin Baba yake wannan aiki da dalma da wutar gas a wata rumfa a bayan tasha. Na zayyana masa komai, yana jin ni yana kankare wani tanki. Da na gama bai ce in kawo motar ba. Tambaya ya yi.

"Ɗana, da ka ce tana zafi, nawa take kaiwa?"

Na ce, "Baba, allura tana shiga ja."

"Agogon na wace mota ne?"

"Na Peugeot."

"Abin da ke aika masa labari daga jikin injin fa?"

"Na Toyota."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "To, Bafaranshe ne ke sauraron mutumin Japan ba tafinta. Je ka nemi agogo na gaskiya, ka yi mako guda kana rubuta inda take zafi da inda ba ta yi, sannan ka dawo."

Na sayi agogon zafi irin mai siririn bututun tagulla, wanda ba ruwansa da wutar batir. Kafin in ɗaura sai da na gwada shi. Na ari butar shayin gida na ɗora a kan gawayi, na tsoma bakin agogon cikin ruwa ban bar shi ya taɓa gindin buta ba. Yara suka kewaye ni suna kallon allura tana rarrafe, 60, 70, 85. Da ruwa ya fara ɓararraka ta tsaya dab da 100. Garwa ƙasa-ƙasa take, a bakin kogi, saboda haka ruwa a nan kusan a digiri 100 ɗin yake tafasa. Agogo ya faɗi gaskiya. Na ɗaura shi a gefen sitiyari, na samo littafin makarantar ɗiyata da ya rage shafuka, na fara rubutu.

Abin da mako ɗayan nan ya nuna mini ban taɓa lura da shi ba cikin wata biyu na kwarar ruwa. In ina tafiyar 40 zuwa 60, allura na zaune wajen 85, lafiya lau. In na tsaya a mahaɗa ko na shiga cunkoson kasuwa, cikin minti goma ta haye 100. In kuma na fita bayan gari na taka ta ta wuce 80, sai ta riƙa hawa a hankali a hankali, ba ta saukowa sai na sassauta ƙafa. Na kai wa dattijon littafin. Ya sa aka karanta masa, ya ce, "Ciwo biyu ne, ba ɗaya ba. Mai zafi a tsaye iska ce ba ta samu. Mai zafi a guje ruwa ne ba ya zagayawa, ko lagireton ya yi mata kaɗan. Kai kana da duka biyun." Ya kuma ja mini kunne cewa abu ɗaya zan riƙa canzawa, in gwada, in rubuta, kafin in taɓa na gaba, in ba haka ba ko ta warke ba zan san me ya warkar da ita ba.

Muka fara da ruwa. Lagireton da ke jikinta na 404 ne na asali, na bar shi ne don ya zauna daidai a mazauninsa ba sai na yi yanka ba. Wannan rowa ce da ganda, ba dabara ba. Man da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya taya, kashi ɗaya ya bi salansa, ɗayan kuwa ruwa ne zai kwashe shi ya kai lagireto. Ka ƙara girman inji, ka ƙara wutar da za a kashe, ni kuwa na bar guga yadda yake.

A gabana dattijon ya narka dalmar ya ɗage tankin sama. Abin da na gani ya sa na ji kunya. Bakin bututun duk ya yi fari fat da wani ɓawo mai tauri kamar kanwa, tsakaninsa da jan laka na tsatsa. Ya ɗauki siririn ƙarfe mai faɗi yana zura wa kowane bututu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya wuce sumul, wani ya tsaya a rabi, wani ko kai bai shiga ba. Muka ƙirga, fiye da kashi ɗaya cikin uku a toshe suke. Ya murje ɓawon tsakanin yatsunsa ya miƙo mini. "Ga ruwan rijiyarka," in ji shi. Duk ruwan da ya tafasa ya tafi, gishirinsa da ƙasarsa a nan suke zama, ni kuma kullum ƙara sabo nake yi. Ashe jarkokin nan biyu da nake ganin su ne ke ceton motar, su ne ke shaƙe ta.

Bai yarda a wanke a mayar ba. Ya ƙera mini sabon ciki mai layi uku na tagulla, ya fi na da faɗi da tsayi, ni kuma na yanka ƙarfen gaban motar na faɗaɗa mazaunin, aikin da na guje wa tun farko. Jaka 85 na sefa ya ci, ban da ƙarfe da wayar waldata.

Murfin ma ya duba. Robarsa ta tsattsage, sifirin ɗinsa ya saki, ba ya riƙe komai. A nan na fahimci abin da ya ƙona mini hannu. Lambar 0.9 da ake bugawa a kan murfi ma'aunin matsi ne, kuma ruwan da aka matse haka ba ya tafasa a 100, sai ya kusa 120. Muddin murfi na rufe, ruwan na nan a matsayin ruwa ko da ya wuce 100. Kana buɗewa matsin ya tafi, duk ruwan ya tafasa lokaci guda ya yo waje. Murfi lalatacce kuwa tamkar an bar tukunya a buɗe ne, motar za ta yi ta amai a zafin da lafiyayyen inji ko a jikinsa. Sabon murfi jaka biyu ne a lokacin. Na haɗa mata da gorar da ke karɓar rarar ruwa in ya kumbura, ta mayar in ya huce, wadda da ba ta da ita.

Na fita gwaji hanyar Ngong. An samu sauƙi sosai, amma da na riƙe ta a 90 na ɗan lokaci, allura ta soma halinta. Na dawo shago raina a ɓace. Na buɗe bonet na ce wa yarona ya taka totur ya riƙe, ni kuma na tsuguna ina leƙe ba tare da na san abin da nake nema ba. Can idona ya faɗa kan tiyon ƙasa, wanda famfo ke zuƙo ruwa ta cikinsa daga lagireto. Da yake bakin Peugeot da na Toyota ba su dace ba, tiyo biyu na haɗa da guntun bututu, ɗayan tsoho ne ya yi laushi. Yaron na ƙara wuta, sai na ga tiyon ya tsuke ya manne kamar ledar ruwan da aka shanye. Ya saki ƙafa, ya koma ya cika. Na ce, "Sake!" Ya sake, ya sake tsukewa. Wato duk lokacin da injin ya fi bukatar ruwa, lokacin ne maƙogwaronsa ke rufewa. Na sayi sabon tiyo mai kauri, na naɗa wayar ƙarfen da ba ya tsatsa a jikin sandar tsintsiya ta zama sifirin, na zura a ciki. Ciwon guje ya tafi daga ranar.

Ciwon tsaye ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ne ya fi taɓa mini girman kai, don duk laifin aikin hannuna ne.

Da na zaunar da injin, na tura shi baya ne don giya ta samu wuri. Hakan ya bar fanka nesa da lagireto, tsakaninsu ya fi tsawon tafin hannu, kuma ba abin da ya kewaye ta. Dattijon ya zo shagon da kansa ranar, a bayan babur. Ya sa aka tayar da mota, ya yagi takardar buhun siminti ya kai gaban lagireto ya saki. Takardar ta zame ta faɗi ƙasa. Ya ce, "Ka gani? Fankarka fifita take yi wa kanta." Iska ba ta son wahala. In ta samu hanya ta gefe ko ta ƙasa, ba za ta kutsa ta cikin ƙananan ramukan lagireto ba. Fankar tana juya iskar zafin da ke cikin ɗakin injin ne kawai, tana maimaita ta.

Ita kanta fankar ba lafiya gare ta ba. Ta Toyota tana da wani kulocin mai a tsakiyarta, wanda ke sakinta in inji na da sanyi, ya kama ta in iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. Muka kashe injin da zafinsa, ya kaɗa ta da yatsa ɗaya, ta yi ta juyi kamar ta yara. A fuskar kulocin ga baƙin danƙo na ƙura da mai, alamar man ya tsiyaye. Na ce bari in kama ta da walda ta zauna daram, yadda da yawa ke yi. Ya ce in ina son mota mai ruri kamar jirgi, mai shan mai da cin fanbel, bisimilla. Na haƙura na nemo wani na hannu mai kyau.

Sai na zauna na ƙera mata riga. Falankin ƙarfe mara nauyi na samu, na fara yanka samfurin da kwali, na yi akwatin da ya rufe bayan lagireto gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tsuke zuwa zagayen da fanka ke juyawa a ciki. Na sa wani zobe na matso da fankar gaba. Ƙa'idar da dattijon ya ba ni ita ce rabin faɗin fiffiken ya shiga cikin rigar, rabi ya rage a waje. A karon farko na so in nuna gwaninta, na matse zagayen ya rage kaɗan ya taɓa fiffike, don kada iska ta sulale. Na manta inji a kan roba yake zaune, yana motsi, lagireto kuwa a jikin mota yake a kafe. Ina sa giyar baya na saki kuloci, sai ji na yi ƙarrr! Fiffike ɗaya ya gutsure. Na sake sayen fanka, na buɗe zagayen na bar wajen santimita biyu ko'ina. Duk wata kafa da ta rage tsakanin lagireto da jikin mota, sama da gefe, na toshe ta da yankakken tsohon tub na taya, don duk iskar da ta shigo ta gaba kada ta samu wata hanya sai ta cikin lagireto.

Akwai kuma kwalliya. Na ɗaura mata manyan fitilu biyu a gaba da wani allon ƙarfe da na yanka sunanta a jiki, na yi masa fenti ja. Kwana uku na yi a kan allon nan. Ya rufe kusan rabin hancin motar. Dattijon bai ce komai a kai ba, tsayawa kawai ya yi yana kallonsa har sai da na ɗauko sifana da kaina. Yanzu allon yana rataye a bangon shago. A gefen tozon kuma na tsaga ƙananan tagogi masu kallon baya, don iskar da ta shiga ta samu mafita.

Muka sake gwajin takarda. Wannan karon tun kafin ta kai, fanka ta fizge ta ta manna a jikin lagireto, sai da aka ɓamɓare ta. Na bar motar tana aiki a tsaye a rana tsaka minti 40, allura ba ta wuce 90 ba.

Wani abu da mutumin Garwa ya kamata ya sani: daga lokacin hunturu zuwa bazara, ƙurar buji da gashin audugar da ke tashi daga manyan motocin da ke kai ta masana'anta suna haɗuwa su yi wa fuskar lagireto bargo. Daga nesa ba ka gani, sai ka haska tocila ta baya ka ga haske ba ya ratsawa. Ta baya ake wanke shi, ruwa ya fito ta gaba, kuma ba da injin wanki mai ƙarfi ba, don yana kwantar da siraran fatun.

Na ɗauka an gama. Amma wata rana da dare na dawo daga Lagdo, na buɗe bonet a duhu sai na ga bututun hayaƙi inda ya fito daga jikin inji ya yi ja-ja kamar garwashi. Motar kuma tun tuni ina jin ta da nauyin ƙafa, ba ta da kuzarin da injin Hilux ya kamata ya ba gangar da ba ta kai Hilux nauyi ba. Wannan ya fi ƙarfin mai lagireto, ya tura ni wurin wani makanike. Shi kuma ya zare siririn tiyon da ke zuwa wani ɗan gwangwani a gefen distiributa, ya sa baki ya zuƙa. Iska ta yi ta zuwa ba tsayawa. Fatar da ke ciki ta huje. Aikin gwangwanin shi ne ya gaggauta tartsatsin fulogi in mota na tafiya ba nauyi. Da ya mutu, wuta na makara, man bai gama ci ba bawul ɗin hayaƙi ke buɗewa, zafin da ya kamata ya tura fistan sai ya tafi dafa kan inji. Wanda ya fara saita mini injin da kunne ya yi, ya kuma ƙara ja da wutar baya don ta daina ƙara in an sha man zuwa-zuwa na kwalba, wanda yau ka dace da mai kyau gobe ka samu gauraye. Aka canza gwangwanin, aka saita da fitilar saiti, aka wanke kafireto aka fitar da dattin da ya rage wa jet hanya. Man da ya yi ƙaranci cikin iska shi ma zafi yake ƙarawa. Tun daga nan kwalba sai dole, kuma sai na tace da ƙyalle.

Saura bashin baya. Ruwa ba ya tsami banza: kowane mako sai na ga gora ta ragu, ga shi ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Da safe inji na sanyi na buɗe murfi na cika har baki na tayar. Ƙananan kumfa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, a jere, ba fashi. Tiyon sama kuma ya yi tauri tun injin bai ɗumama ba. Da muka kwance fulogi, uku sun yi launin ƙasa yadda ya kamata, na huɗun fari tas kamar an wanke shi da sabulu. Gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa ya ƙone, hayaƙi na shiga ruwa, ruwa na shiga silinda. Jikin 22R baƙin ƙarfe ne, kansa kuwa, wanda muke kira kulas, alminiyom ne, kuma alminiyom ba ya yafe tafasa. Na Pitowa da na gada da sauran da ban ƙirga ba, duk ya ajiye su.

Kusoshi goma ne ke riƙe da kan, amma akwai wata ƙarama ta goma sha ɗaya a gaba, a ɓoye cikin baƙin mai a ƙarƙashin haƙorin sarƙar da ke juya sandar bawul. Wanda bai san da ita ba zai yi ta ɓamɓara har ya fasa murfin gaba. Makaniken ya sa yatsa cikin man ya lalubo ta yana dariya, ya ce ta ci mutane da yawa. Muka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kulas muka zura ma'auni. Iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita milimita 0.15 ce, namu ya wuce. Aka kai aka fere shi. Tunda an buɗe, ya duba robobin da sarƙa ke bi a kai, don a wannan injin in sun karye sarƙar kan ci murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Namu ɗaya ya fara tsagewa, muka canza. Wajen ɗaurewa daga tsakiya aka fara ana fita gefe, zagaye uku, da sifana mai ma'auni, ba da bututu da ƙarfin damtse ba.

Ranar da za a rufe, na zazzage gwangwanin kusoshi na nemo tamostat ɗin da na jefar. Na sa shi a butar shayin nan tare da agogo. Har ruwa ya tafasa bai buɗe ko rabi ba, ashe shi ma da nasa laifin. Na sayi sabo mai lamba 82, na gwada shi haka nan, yana kaiwa wajen 82 ya fara buɗe baki a hankali. Ra'ayina a kan wannan abu yanzu ya bambanta da na yawancin makanikan garin nan, kuma mun sha musu. Tamostat ba ya sa mota zafi in yana da lafiya, mai gadi ne kawai, yana tsare ruwa har inji ya ɗumama sannan ya buɗe ƙofa. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma, ba ya ƙara wa fanka iska. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe yana aiki da sanyi, ya sha mai, ya ci jikinsa, kuma ya ɓoye maka ainihin ciwon na ɗan lokaci, kamar yadda ya ɓoye mini kwana biyu.

Ruwan rijiya kuwa mun yi hannun riga. Ruwan batir na saya, wanda aka tace ba gishiri, na haɗa kashi biyu da kashi ɗaya na koren ruwan lagireto. Ba don ƙanƙara ba, wa ya taɓa ganin ƙanƙara a Garwa? Don tsatsa ne, da kare alminiyom. Ban yi rabi da rabi ba saboda tsurar ruwa ya fi shi kwasar zafi. A kula da shi a gida mai yara da awaki, zaƙi gare shi kuma guba ne. Wajen zubawa na hau da ƙafafun gaba kan tudu, na bar murfi a buɗe inji na aiki, ina matsa tiyo har iskar da ta maƙale ta gama fita.

Shekara ta zagayo, Afrilu ya dawo. Aka ba ni aikin tagogi da ƙofar gareji a Gaundare, kusan kilomita 280 daga nan, kuma duk direban da ya san hanyar ya san hawan da ke bayan Mbe, inda titi ke nannaɗe dutse yana hawa tudun Adamawa, manyan motoci na rarrafe, wasu a gefe bonet a sama. Kawu ya ce zai bi ni, yana da 'ya a can. Da asuba na fito na tarar ya riga ya ɗora jarka biyu a baya, cike. Ban ce masa komai ba.

Daga Garwa har Guna allura na kan 85 kamar an kafe ta da ƙusa. Muka iso gindin hawan rana ta take. Ban bari motar ta yi ta nishi a babbar giya ba, na sauko ta uku tun da wuri, a wasu kwanoni ta biyu, don famfo da fanka su samu juyi. Allura ta ɗaga, 88, 90, 92. Sai na ji kulocin fanka ya kama, wani huuu ya taso daga gaba. Kawu ya dafa ƙofa ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Lafiya, Kawu, aikinta take yi." Muka maƙale a bayan wata tirela mai tafiyar hawainiya, ba halin wucewa, iskar gaba ta ɗauke, zafin salansarta na dukan hancinmu. Allura ta kai 95. Idona ɗaya a titi ɗaya a agogo, bakina na motsi. Ta tsaya a nan. Da muka samu sarari na wuce tirelar, kafin mu kai ƙarshen hawan ta dawo 90, muna hawa kan tudu iska mai sanyi ta bugo ta koma mazauninta.

A wani ƙauye kafin mu shiga gari muka tsaya sallar azahar. Na buɗe bonet na duba gora, ruwa na kan layinsa. Masallacin ba ruwa a randa, mutane biyar na tsaye suna jiran yaron da aka aika rijiya. Kawu ya dube su, ya dubi bayan mota, ya ce wa yarona, "Kai, sauko da jarkar nan guda, a yi alwala."